BABUR NA KWALTA DA BURJI: WANNE YA DACE DA DATTIJO?

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani abu da ya shafi kusan kowane gida a zangunanmu na arewacin Gana, wato babur, ko kuma moto kamar yadda muka fi kiransa a nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar kasuwar Tamale da hantsi ya san cewa a garin nan babur shi ne jaki, shi ne doki. Malamin makaranta da shi yake zuwa aiki, mai sayen doya da shi yake shiga ƙauyukan Salaga da Kpandai da Bimbilla, liman ma da shi yake zuwa ɗaurin aure. To, amma jikin ɗan shekara ashirin da biyar daban yake da na ɗan sittin, kuma babur ɗin da ya yi wa yaro daidai yana iya zame wa mahaifinsa masifa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami kawuna a daminar 2022. Mutum ne da ya shekara fiye da talatin a kan babur yana fataucin doya, bai taɓa yin haɗarin da ya kwantar da shi ba. Ɗansa da ke Turai ya aiko masa da kuɗi, ya ce a saya wa tsoho babur na gani na faɗa. Aka samo masa wani ƙato na hannu mai inji 650, dogo kamar ingarma. Ranar da na je yi masa murna na ga da ƙyar yatsun ƙafarsa ɗaya suke taɓa ƙasa, sai na ce, "Kawu, anya wannan bai yi maka tsawo ba?" Ya yi dariya ya ce, "Malam ƙarami, tun ba a yaye ka ba nake hawan babur." Na yi shiru, don ba a ja-in-ja da babba.

Bayan mako uku, a kan hanyarsa ta zuwa wani ƙauye, ya tsaya bakin rafi don ya duba zurfin ruwa. Wurin gangare ne, ya miƙa ƙafa bai tarar da ƙasa ba, babur ya rinjaye shi ya danne shi. Ko gudu ba ya yi, a tsaye yake. Ƙashin ƙugunsa ya karye, ya yi wata huɗu a kwance, kakar doya ta wuce shi, kuma har yau a kan kujera yake salla. Shirun da na yi ran nan yana damuna, shi ya sa yau zan yi magana da babbar murya.

MENE NE BABUR NA KWALTA DA BURJI?

Wannan shi ne irin babur ɗin da aka ƙera don ya yi tafiya a kan titin gari, ya kuma shiga hanyar daji. Ana gane shi da manyan tayoyi masu haƙora, da dogon sifirin mai shanye gargada, da madigadi na gaba wanda aka ɗaga sama don kada laka ta cushe, sa'an nan cikinsa ya yi nisa da ƙasa don kada dutse ya fasa inji. Yana kuma da fitila da madubi da lamba kamar kowane babur na titi. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya sa irinsa ya yi farin jini a duniya, lokacin da ya fitar da DT-1 a shekarar 1968. A 1973 kuma ya fitar da AG100 domin manoma da makiyayan Ostareliya da Niyuzilan, wanda daga baya ya zama abin hawan malaman gona da ma'aikatan lafiya a ƙasashen Afirka da dama, har da tamu.

Amfaninsa a wurinmu a fili yake. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwa yana yanke hanyoyin burji, balle a Agusta da Satumba idan aka buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, kogi ya cika ya batse. Da rani kuma ga yashi ga gargada. Ƙananan baburan gari irin su Haojue da Apsonic suna ƙoƙari, amma ba don wannan wahala aka yi su ba. Sai dai dogon sifirin da nisan ciki su ne ke sa sirdi ya yi sama, kuma nan ne matsalar dattijo take farawa.

ABU NA FARKO: TSAWON SIRDI

Kafin ka tambayi ƙarfin inji, tambayi tsawon sirdi daga ƙasa. Alal misali, Yamaha AG200 da Honda XR150L sirdinsu yana wajen santimita 83, na Yamaha XTZ125 kuma santimita 84. Manyan kuwa, irin su Suzuki DR650, sun haura santimita 88, Honda XR650L ma ya kai 94. Bambancin santimita biyar ko goma a takarda ba ya da yawa, amma a bakin rafi shi ne tsakanin tsayuwa da faɗuwa.

Ga gwajin da ba ya bukatar kuɗi. Hau babur ɗin da takalmin da ka saba sawa, ka sa a ɗauke ƙafar da ake jingina shi. In tafin ƙafarka ɗaya ya zauna daram a ƙasa ba tare da ka zame daga sirdi ba, kuma gaban ƙafafunka biyu suna taɓa ƙasa a lokaci guda, to ya yi. In sai ka yi ɗage kamar mai leƙen katanga, sauka ka nemi wani. Ka kuma gwada hawa da sauka sau biyar a jere, domin ɗaga ƙafa a tsallake sirdi da kariya shi ne abin da ke fara gagarar mai ciwon ƙugu ko gwiwa. Idan tsawon kaɗan ne ya rage, mai ɗinkin kujerun mota yana iya rage soson sirdi da santimita biyu ko uku.

ABU NA BIYU: NAUYI

Buhun siminti kilo 50 ne, kowa ya san nauyinsa. XTZ125 yana wajen kilo 118, AG200 da XR150L kuma suna kusa da kilo 128, wato buhu biyu da rabi ke nan. DR650 kilo 166 ne, ya fi buhu uku, sabon Kawasaki KLR650 kuwa ya wuce kilo 200, wato buhu huɗu. Yanzu ka ɗora buhun masara a baya, ka sa shi cikin taɓo, ka tambayi kanka ko za ka iya tayar da shi kai kaɗai a dajin da ba kowa. A ganina dattijon da ya haura hamsin da biyar kada ya wuce kilo 130, kuma inji mai ƙarfin 125 zuwa 200 ya ishe shi duk inda za shi, ko daga Tamale zuwa Salaga ne, tafiyar da ta kai wajen kilomita 120. Daidai ruwa daidai tsaki.

Idan babur ya faɗi, kada ka sunkuya ka cicciɓe shi da baya, nan ne ake samun ciwon da ba ya warkewa. Kashe inji, sa shi a giya don kada ya gangara, juya masa baya ka tsuguna, ka kama kansa da hannu ɗaya da kariya da ɗayan, ka tura da ƙarfin cinyoyi sannu a hankali.

ABU NA UKU: TAYAR DA INJI

Tsofaffin AG100 da DT125 ba su da nauyi, kuma kowane makaniki ya san cikinsu, amma da ƙafa ake tayar da su, suna shan mai, suna hayaƙi, ga kuma man musamman da injinsu ke ƙonawa tare da fetur. Buga kik da sanyin hunturu a kan gwiwar da ta shekara sittin ba ƙaramin aiki ba ne, musamman in inji ya mutu a tsakiyar yashi. Saboda haka nemi mai sitata, wanda ake dannawa da yatsa, amma ya kasance yana da kik ɗin ma don ranar da batir ya yi sanyi. XR150L yana da duka biyun. Irin waɗannan injuna da ake zuba wa baƙin mai daban sun fi tsimin fetur, kuma suna ja a hankali ba tare da fizga ba, abin da dattijo ya fi bukata ke nan.

ABU NA HUƊU: TUFAFINMU DA KAYANMU

Masu ƙera babur ba su yi tunanin babbar riga ko batakari ba. Sau nawa muka ji bakin riga ko gyalen uwargida ya shiga sarƙa ranar Juma'a ko ranar biki? A nan AG ya yi fice, domin sarƙarsa a rufe take ruf cikin akwati, abin da ke kare tufafi, ya kuma hana ƙura cinye sarƙar. Bugu da ƙari yana da kariya gaba da baya, da ƙafar jingina hagu da dama, ta yadda ko a gangare za ka sami gefen da ya dace. In ka sayi mai buɗaɗɗiyar sarƙa, to ka naɗe rigarka ka zauna a kanta, ka kuma duba wanda ka goya kafin ka tashi. Kaya kuwa a ɗaure su ƙasa-ƙasa, don duk abin da ya yi tsiri a baya yana ƙara wa babur rinjaye.

ABU NA BIYAR: KAYAN GYARA DA TAKARDU

Kafin ka biya kuɗi, je wurin makanikin unguwarku, wanda muke kira fita, ka tambaye shi ko yana samun fulogi da sarƙa da takalmin birki na wannan samfuri a garinku. Babur ɗin da sai an aika Suame a Kumasi ko Abosokai a Akra kafin a sami ƙaramin ƙarfensa zai fi daɗewa a jingine bisa ga kan hanya. In na hannu ne, tafi da fita ɗin ya tayar da shi da sanyin safiya, ya duba hayaƙi, ya duba ko sifirin na gaba yana yoyon mai, ya kuma duba ko an taɓa yi wa ƙashin babur ɗin walda. Lambar inji da ta jikin babur su yi daidai da abin da ke cikin takarda, a kuma je ofishin DVLA a mayar da sunan mai shi zuwa naka. Doka ta wajabta lasisin babur mai harafin A, da inshora, da hular kwano ga direba da wanda aka goya. Araha ba ta ado, musamman arahar da ba ta da takarda.

MAI HAWAN SHI MA A DUBA SHI

Mukan kai babur wurin fita, mu manta da jikinmu. Daga shekara arba'in ido yana fara canzawa, gani da dare yana raguwa, fitilar motar da ke tahowa tana daɗewa tana kashe ido, yanar ido kuma tana shigowa ba sallama. Hawan jini da ciwon suga suna iya kawo jiri a kan hanya, wasu magungunan ma suna sa barci. Ya kamata dattijo mai hawan babur ya riƙa gwada idonsa da jininsa a asibiti a kai a kai, ya tambayi likita game da maganin da yake sha, ya kuma tsara tafiyarsa yadda zai isa masauki kafin magariba. A watan azumi a guji doguwar tafiya da tsakar rana.

Game da hular kwano, na san wasu dattawanmu suna ganin ta rage musu kwarjini, wai ina za a sa hula ko rawani. Amsa ita ce a sa su cikin jaka, in an isa a naɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sa hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69 cikin ɗari. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa, hular da aka ɗora kawai ita ce ke fara tashi. A bar silifa a gida, a sa takalmi mai rufe idon sawu.

A cikin yashi kada ka damƙe birkin gaba, ka riƙe mai daidai, ka dubi inda za ka, kada ka dubi tayar gaba. A bakin rafi kuwa, nemi wuri mai shimfiɗa kafin ka tsaya, ka sauka ka auna ruwan da sanda. In ruwa yana gudu kuma ya kai gwiwa, jira ko ka koma. Sannu ba ta hana zuwa.

KIRA GA 'YA'YANMU

Daga ƙarshe ina kira ga samarinmu da ke Kumasi da Akra da ƙasashen waje, masu aiko da kuɗi don a faranta wa iyaye rai. Allah Ya saka muku da alheri. Amma girman babur ba shi ne girman biyayya ba. Ku bar tsoho ya je ya hau da kansa, ya taka ƙasa da ƙafarsa, a kuma ware wani abu daga cikin kuɗin don hula mai kyau da takalmi da gwajin ido. Mu kuma da ke kusa, in mun ga abin da bai dace ba, mu faɗa cikin ladabi, mu sake faɗa ko da za a yi mana dariya.

Kawuna ya sayar da ƙaton nan tun yana kwance. Da ya miƙe, ya sayi ƙarami mai inji 125 da sitata, an rage masa soson sirdi, kuma bara shi ya kawo mana doyar farko da kansa. Da ya sauka ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, ka ga wannan, ƙafata biyu a ƙasa."

Allah Ya kiyaye mana iyayenmu a hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.