Kada Ka Bar Ɓera Ya Tare a Jirginka

Manomin auduga, in gonarka tana bakin Binuwai, ko Logon, ko Kwara, ka san amfanin jirgin ruwa. Da shi kake haye kogi zuwa gona, da shi kake ɗauko kaya. A Garwa, Binuwai yakan cika wajen Agusta da Satumba, sa'an nan ruwa ya yi ta ja baya. Da rani mutane da yawa sukan jawo jirage tudu su ajiye. Haka mutanen Turai da Amurka suke yi da hunturu, gama a can ruwan tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara. Da su da mu duk abokin gāba guda gare mu, watau ɓera.

Me ke kawo shi?

Abu biyu ɓera yake nema: abinci da wurin haihuwa. Jirgin manomin auduga kuwa yana da duka biyu. Akwai tsabar dawa da gyaɗa da angurya da suka zube a lungu, akwai kuma guntayen auduga, wadda babu abin da ya fi ta daɗin shimfiɗa ga 'ya'yan ɓera. Macen ɓera tana haihuwa bayan kamar mako 3 da ɗaukar ciki. Irin nan mai nonuwa da yawa takan haifi goma ko fiye a ciki guda. Biyu in sun shiga da kaka, kafin damina sun zama gari.

Haƙoran gaba na ɓera ba su daina tsiro muddin ransa, shi ya sa kullum yake gaigayar abu. Zai ci igiya, da taru, da buhu, da tsumman da ka toshe tsaga da shi. In kana da inji, zai huda tiyon mai, ya yanke waya. Ɓarnar ba ta bayyana sai ran da ka tura jirgi cikin ruwa da kaya da iyali.

Ga abin da za ka yi

1. Ka kwashe kome da kome daga cikin jirgi. Ka share shi, ka wanke, kada ka bar ko ƙwaya guda ko ɗan ƙullin auduga.
2. Igiya da taru ka shanya su, ka sa cikin ganga mai murfi. Inji ka cire shi ka kai ɗaka.
3. Ka nemi inuwa, domin rana tana tsaga katako. Amma kada ka ajiye shi kusa da rumbu, ko juji, ko tarin karan auduga.
4. Ka yi gayya a ɗaga jirgin a kife shi bisa turaku. Tsawon mita 1 ya fi, gama ɓera gwanin tsalle ne. Kowane turke ka sa masa kwano mai santsi, a lanƙwasa shi kamar malfa, bakinsa yana duban ƙasa.
5. Ka nome ciyawar da ke kewaye. Kada ka jingina gora ko filafili a jikin jirgi, tsani ka yi masa ke nan.
6. In jirginka yana da akwati, ka toshe kowace kafa da kwano. Ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da bai fi kaurin fensir ba.
7. Ka ɗana tarko da gyaɗa, ka riƙa dubawa. In ka sa guba, ka sa inda yara da kaji da awaki ba za su kai ba.

Ka kula da lafiyarka

Fitsarin ɓera da kashinsa suna ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa cikin ƙasar Barno a 1969, ta nan yake kama mutum. In ka ga kashin ɓera, kada ka share shi a bushe ƙura ta tashi. Ka yayyafa masa ruwan bilic tukuna. Mushen ɓera kada ka taɓa shi da hannu, ka ɗauka da shebur ka binne. Bayan haka ka wanke hannu da sabulu.

Kowace Juma'a ka leƙa ƙarƙashin jirginka. In ka ga sabon kashi ko ɓarɓashin katako, ka ƙara tarko tun a ran nan, kada ka jira sai ruwa ya dawo.