Alhakin Fitinar Intanet, A Wuyan Wa Yake?

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabewa tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sababinta, to ga shi mas'alar ta dawo mana ta ƙofar Facebook da TikTok. Domin kuwa kamfanonin nan, ko da yake ba su ne ke rubuta zagi da ƙazafi ba, su suka shimfiɗa tabarmar da ake zama a kai, suna kuwa cin ribar talla gwargwadon jama'ar da husuma ta tara.

Duk mai bin hanyar Jos ta Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa, ya kamata ya tuna watan Yunin 2018, sa'ad da aka yaɗa hotunan ƙarya a Facebook game da rikicin Filato, har da wanda aka ɗauka a Kongo tun 2012, 'yan sanda kuwa suka shaida wa BBC cewa hotunan sun hura wutar da ta kai ga tare hanya a can Filato, aka fisgo mutum 11 daga motoci aka kashe. Allah ya kyauta.

Hukumomin duniya sun saɓa a kan hukuncin. Dokar Amurka ta 1996 ta kare kamfani daga alhakin abin da wani ya rubuta, alhali Jamus a 2017 ta wajabta cire kalaman ƙiyayya bayyanannu cikin awa 24, ko a ci tarar da ka iya kaiwa Yuro miliyan 50. A Najeriya, ƙa'idar hukumar NITDA ta 2022 ta ba kamfani awa 48 bayan sanarwar hukuma ya cire abin da ya saɓa doka. Amma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 ga mai yaɗa ƙiyayyar ƙabila ko addini, mai yaɗawar take nema. A Nuwamban 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa samari 2 bulala 20 da tarar Naira 10,000 kowanne, saboda ɓata sunan gwamna a TikTok, ba kuwa kamfanin aka shimfiɗe ba. A ganina wannan mizani ya karkata, wajibi ne majalisa ta daidaita shi.

Kafin nan, jama'ar Bebeji da Kiru da maƙwabtansu, duk hoton da ba ku tabbatar da asalinsa ba, kada ku tura, ko da sunan jajantawa ne. Ku kai ƙararsa ga kamfanin, in ya ƙunshi barazana ku sanar da dagaci da 'yan sanda.