Masu Tsagar Dakwara a Ƙasar Tarakta

Sunan Gedambaliya, da ke yamma da birnin Gadarif na Sudan, tarakta ce ta fito da shi. A can Turawan Ingila suka soma noman dawa da injina a tsakiyar shekarun 1940, don ciyar da sojojinsu da ke gabashin Afirka. Baƙar laka ce shimfiɗe, ba tudu ba kwari, wadda ke daddarewa da rani ta koma danƙo da damina. Daga nan noman inji ya bazu, a 1968 aka kafa masa hukuma, ana yanka wa mutum ɗaya fadan (ma'aunin gona na Sudan) dubu ko fiye. Kafin tarakta ta shiga kowace gona kuwa, sai an tumɓuke itatuwan cikinta, kuma akasarinsu dushe ne da dakwara, masu ba da ƙaro.

Duk da haka sana'ar ƙaro ba ta mutu a jihar Gadarif ba. Hausawan da ke zaune a wannan yanki, jikokin waɗanda hanyar Makka ta ajiye a Sudan, sun san dakwara tun daga gida, domin ita ce ta dazukan Gashuwa da Maigatari, kuma da ƙaronta almajiri ke haɗa tawada. A nan ana ce mata hashab, dushe kuma talha, gonar dakwara ana kiranta jinena.

Aikin yana farawa bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Mai tsaga ba ya duba kalanda, ganye yake dubawa. Idan ya fara yin ɗorawa yana kakkaɓewa, ɓawon reshe kuma yana ɗayewa ba gardama, lokaci ya yi. Wanda ya yi gaggawa ya tsaga itace tana ɗanya shar, raunin zai warke bai ba shi komai ba. Wanda ya yi nawa har ɗari ya kankama, sai ɓawo ya manne, ƙaro ya yi ta jan ƙafa, domin zafin rana ne ke fito da shi.

A da ƙaramin gatari ake amfani da shi. Yanzu an fi yabon sonki, wani ƙarfe mai kan mashi da ƙugiya a gefe, a kan doguwar ƙota. Ana soka bakinsa a ƙarƙashin ɓawon reshe, a murɗa, a ja, sai ɓawo ya biyo siriri, faɗin yatsu biyu, tsawon kamu ɗaya ko biyu. Duk gwanintar tana cikin zurfin sukan. Ɓawo kaɗai ake so. In ƙarfe ya ci naman itace, an buɗe wa ƙwari ƙofa, reshen kuma ba zai ga baɗi ba. Shi ya sa gwani ke duba hannun ɗan koyo kafin ya duba buhunsa. Ba a zagaye reshe da tsaga, ba a taɓa inda aka taɓa bara, kuma ƙaramar itace ba a yi mata fiye da rauni biyu ko uku. Ga ƙaya. Ta dakwara uku-uku take fitowa, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyu na gefe suna kallon sama, don haka in ta kama riga, ja baya ma kamu ne. Doguwar ƙotar sonki ta rage wannan azaba, amma har yau ana gane mai tsaga daga kartar da ke damtsensa.

Wanda ya taɓa ganin yadda mutanen Japan ke renon bonsai, wato itacen da ake tsare shi a kasko shekara da shekaru har ya tsufa bai wuce gwiwa ba, zai ga dangantaka a nan. Itacen mepul, wanda suke kira momiji, na cikin waɗanda suka fi so. Suna datse masa saiwa, su naɗe rassa da waya, su tsinke ganye a farkon lokacin zafi don sabon ya fito ƙanana. Babbar fargabarsu ita ce zubar ruwan jikinsa: in aka yanke babban reshe dab da tohuwa, mepul zai yi ta tsiyaya, shi ya sa suke jiran zubar ganye, su kuma shafe raunin da man liƙi. Mai dakwara ma zubar ganyen yake jira, sai dai shi tsiyayar yake nema. A ganina aikinsa ya fi wuya, don mai bonsai in ya kuskure kyau ne ya ragu, shi kuwa abincin gidansa ne.

Bayan tsaga sai haƙuri, kwana arba'in ko kusa da haka. Ƙaro yana tsattsafowa, iska ta busar da bayansa, ya dunƙule kamar ƙwan tantabara, launinsa tsakanin fari da ruwan zuma. Ana ɓamɓare shi da hannu, a koma bayan mako biyu, a sake komawa, har zafin bazara. A shanya shi a inuwa, ba a rana ba, kada ya farfashe, kuma ba a jefa shi a ƙasa ya kwashi yashi. Itace ɗaya, in an daidaita mai yawa da mai kaɗan, ba ta cika wuce giram 300 a shekara ba. Kintar ɗin kasuwa kuwa kilo 45 ne. Sai mutum ya lissafa yawan ƙayar da ke bayan buhu guda.

Abokan gaba suna da yawa: gobarar daji, raƙuman makiyaya, da farar da ake kira sari al-lel mai cinye ganye cikin dare. Amma a Gadarif babbar kishiyar dakwara riɗi ne da dawa. Lokacin tsaga shi ne lokacin yankan riɗi da girbin dawa, inda ake biyan ɗan ƙwadago nan take, har daga Habasha ake tsallakowa. Wa zai shiga ƙaya don kuɗin da sai bayan wata biyu? Wanda ya shiga ɗin ma sau da yawa ya riga ya ci bashin shel, wato ɗan kasuwa ya ba shi abinci da kuɗin sayen ruwa, ya yanke farashin ƙaron da bai fito ba.

Abin haushin shi ne darajar kayan a waje. Sudan ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da ɗanyen ƙaro. Lambar E414 da ke jikin kwalbar lemo da takardar alewa shi ne. Ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro ta bar masa ƙofa. Kamfanin ƙaro da aka kafa a 1969 ya riƙe fitar da shi shi kaɗai har 2009, aka saki kasuwa, farashi ya ɗan motsa a ƙauye. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya hargitsa Kurdufan da Darfur, cibiyar ƙaron ƙasar, ya sa idon 'yan kasuwa ya ƙara juyowa gabas, inda hanyar Kasala zuwa Fot Sudan take.

Dokar gandun daji ta ce kowace gonar inji ta bar kashi 10 cikin ɗari ga itatuwa. Wanda ya bi titin Gadarif ya ga sararin da ido ba ya cin karo da ko inuwa ɗaya, ya san yadda ake bin ta. Masu bin ta galibi waɗanda ƙasarsu ta gaji ne, wuta-wuta ta cinye dawarsu. Su ne ke watsa irin dakwara, su noma riɗi a tsakani kafin rassa su haɗe, su rage na ƙasa don mai tsaga ya samu shiga, su soma tsaga a shekara ta huɗu ko ta biyar. Bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin ƙaro ya ja baya, sai a sare a yi gawayi, kututture ya sake tohowa, gonar kuma ta koma ɗaukar dawa.