Karatun Kiɗa a Matakin Babban Digiri: Misali Daga Figil da Garwa

1.0 Gabatarwa

Figil gari ne a arewacin Kamaru, kimanin kilomita 90 daga Garwa a kan hanyar Marwa. An fi saninsa da masana'antar siminti, kuma Gidar da Fulani da Hausawa suna zaune a cikinsa. Wannan takarda za ta duba hanyoyin da ke gaban ɗalibin wannan yanki idan yana son zurfafa karatun kiɗa bayan digiri na farko, tare da bambance aiwatar da kiɗa da nazarin kiɗa.

2.0 Aiwatarwa da Nazari

Aiwatarwa ita ce yin kiɗa ko waƙa a gaban jama'a. A jami'o'in Turai da Amurka akwai digiri na biyu da na uku da aka keɓe mata, inda ɗalibi zai yi kiɗa a gaban malamai su auna gwanintarsa, rubutu kuwa ƙari ne kawai. Shi kuma nazari, ɗalibi yakan je ya ɗauko waƙa ne, ya rubuta ta, ya feɗe ta a kundi, ko da bai taɓa riƙe gula ba.

3.0 Hanyar Gargajiya

A fadar Lamiɗon Garwa da sauran fadojin yankin ana amfani da algaita da kakaki da ganga, kamar yadda ake yi a fadojin ƙasar Hausa. Makaɗan fada sun fi samun sana'ar ta hanyar gado. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, sannan ya shiga cikin 'yan amshi, daga baya a ba shi ƙaramar ganga. Mai busa algaita sai ya koyi shaƙar iska ta hanci alhali yana fitar da wadda ya tara a kumatu, domin kada busa ta yanke. Wannan horo yakan ɗauki shekaru, amma babu takardar shaida a ƙarshensa.

4.0 Hanyar Jami'a

An kafa Jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa kuma a 2022. Jami'o'in Kamaru suna bin tsarin shekara 3 don digiri na farko, 2 don na biyu, 3 don na uku. A Nijeriya an buɗe sashen kiɗa na farko a Jami'ar Nsukka a 1961, amma waƙar Hausa ta fi samun gurbi a sassan harsuna, a ƙarƙashin adabin baka. Misali, Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digiri na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 da kundi a kan Mamman Shata, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Shata kansa digirin girmamawa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988. Ke nan, manazarci daban, makaɗi daban.

5.0 Muhimmancin Batun ga Ɗalibin Harshe

Hausa harshe ne mai karin sauti. Makaɗin kalangu yakan matse tsirkiya a hammata ko ya sassauta ta don ya kwaikwayi hawa da saukar murya, shi ya sa mai sauraro ke gane take. Idan aka rubuta matanin waƙa kaɗai, wannan ɓangare ya salwanta, haka ma amshi da gaɓar da makaɗi ke ja.

6.0 Kammalawa

An ga cewa jami'a tana ba da hanyar nazari da takardar shaida, gidan makaɗa kuma yana ba da ƙwarewar hannu da kunne. Ɗalibin da ya fito daga Figil ko Garwa yana kusa da duka biyun. Ya kamata ya zauna da makaɗa ya koyi abin kiɗa ko da ɗaya ne, ya kuma naɗi sauti da hoto tare da matani, musamman daga tsofaffin mabusa da ba su da magada.