Dala Ashirin a Bakin Iyakar Jibiya: Wace Dala AI Za Ta Ɗauka?

A Magama, bakin iyakar Jibiya, in mutumin Maraɗi ya ce "dala ashirin", sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya a Nijar sefa biyar ce. Ɗan canji ya san haka. To, manhajar AI fa?

Manhajojin AI da ake tura wa aiki ba sa ganin cikin kayan aikin da aka haɗa su da su. Ɗan bayanin da maginin manhaja ya rubuta suke karantawa su zaɓa. In ya rubuta "yana canza kuɗi" kawai, akwai matsala. Dalar Amurka ko ta Maraɗi? Farashin banki ko na kasuwa?

Bayani mai inganci yakan faɗi aikin kayan, abin da za a ba shi, abin da zai mayar, da inda bai dace ba.

Matasa masu koyon gina manhaja, ga gwaji mai sauƙi: ku miƙa wa sabon yaron shago bayanin. In sai ya yi tambaya, ku gyara. Yaro zai tambayi maigida, amma manhaja sau tari kintace take yi, asarar kuma ɗan kasuwa ke kwasa.