HIKIMAR HAƊA HATSI DA WAKE



Nama ya yi tsada, amma kada a bar yara da tuwo zalla. Ku sani, furotin mai gina jiki tamkar gini ne da tubala iri 20, ana kiransu amino asid. Guda 9 jiki ba ya iya samar da su, sai an ci.

Ƙwai, nono, nama da kifi suna da taran nan cif. Gero, dawa da masara sun gaza a tubalin laisin. Wake na da laisin sosai, amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne, wanda hatsi da riɗi ke da shi. Kun ga hikimar Ubangiji, kowanne na cike giɓin ɗan uwansa.

To a riƙa haɗawa:
• koko da ƙosai
• fura da nono
• shinkafa da wake

Manomanmu na Kafin Hausa, kada ku kwashe wake da riɗi kaf zuwa kasuwa. A ware na gida, ciyar da iyali amana ce.

Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, alamar tamowa ce. A garzaya asibiti, ba maganar jiƙo ba ce.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa wasu.