FASHIN BAƘI: Abin da ya sa Kano ta Kudu ta fi talauci duk da ruwan Tiga da kuzar Riruwai

A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna fama da talauci mai fuskoki da yawa. Wannan adadi shi ne ya cika kanun labarai, 'yan siyasa suka yi ta jifan juna da shi. Amma a cikin rahoton akwai wasu alƙaluma biyu da ba su samu irin wannan kulawa ba, alhali sun fi shafar mutumin Kano kai tsaye. A mazaɓar sanatan Kano ta Tsakiya kashi 50 cikin 100 na jama'a ne matalauta. A Kano ta Kudu kuwa kashi 77 ne. Jiha ɗaya, gwamna ɗaya, kasafin kuɗi ɗaya, amma tazarar ta kai maki 27.

Kano ta Kudu tana da ƙananan hukumomi 16 daga cikin 44 na jihar. Huɗu daga ciki, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su ne suka miƙa daga titin Kano zuwa Zariya har iyakar jihohin Kaduna da Bauchi. A nan ne lamarin ya fi ɗaure kai, domin yanki ne da ba za a kira shi marar albarka ba. Ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, masara da shinkafa da rake suna yi sosai, babbar madatsar ruwan jihar tana cikinsa, haka ma babban dajinta da tsohuwar mahaƙar ma'adinanta.

Me ake nufi da talauci mai fuskoki da yawa?

Wannan awo ba kuɗin aljihu yake dubawa ba. Masu binciken sun shiga gidaje sama da 56,000 a mazaɓun sanatoci 109, suka auna abubuwa 15 a fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin rayuwa, sai aikin yi da masifun da ke afka wa gida. Suna tambaya ko yaran gidan suna zuwa makaranta, ko akwai wanda ya rame saboda ƙarancin abinci, da me ake girki, ina ake samun ruwan sha, akwai makewayi ko babu, kuma tafiyar minti nawa ce a ƙafa kafin a isa asibitin da ke aiki. Gidan da ya gaza a fiye da rubu'in ma'aunin, shi ake lissafawa cikin matalauta.

Duk wanda ya dubi jerin zai lura da wani abu. Yawancin abubuwan da ake aunawa ba na sayarwa ba ne a kasuwar ƙauye. Manomi a Doguwa zai iya cika rumbu da masara, ya sayar ya samu kuɗi, amma ba zai iya sayen asibiti kusa da gidansa ba, ba kuma zai iya sayen malamin lissafi a firamaren garinsu ba. Waɗannan hukuma ce ke kawo su ko ta ƙi kawowa. Shi ya sa a faɗin ƙasar rahoton ya samu kashi 72 na mutanen karkara cikin talauci, a birane kuma kashi 42. Wurin da aka haifi mutum yana yanke masa hukunci tun bai yi wayo ba.

Ruwan da ke wucewa

An gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano wanda ke gangarowa daga tsaunukan kudu ta cikin dajin Falgore. Tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Sai da aka tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu kafin tafkin ya cika.

Ruwa gangare yake bi, kuma gangaren arewa ya nufa. Babbar magudanar da ta fito daga Tiga tana kai ruwa filayen noman rani na Kadawa, shirin da aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, kuma mafi yawan filayen suna Kura da Garun Malam da Bunkure. Biyun farko a Kano ta Tsakiya suke. Ruwan da aka saki cikin kogi kuma yana isa matatar Tamburawa, inda ake tace shi domin birnin Kano. Tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara ginawa a Tiga, ita ma an tsara ta ne domin ta ba matatar ruwa da fitilun titunan birni wuta. Babu laifi a shayar da birni, wanda shi kansa 'yan garuwa ne ke riƙe da unguwanninsa da yawa. Tambayar ita ce me ya dawo wa waɗanda suka ba da ƙasar. Manomin da ke sama da madatsar, a Tudun Wada ko wasu sassan Bebeji, yana kallon tafki amma sai ya sayi inji da fetur kafin ruwan ya hau gonarsa, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan lissafi ya sauya gaba ɗaya.

Ko a inda ruwan ya isa, ba kowa ya amfana daidai ba. Tina Wallace, wata mai bincike da ta yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a ƙarshen shekarun 1970, ta nazarci shirin na Kadawa, ta nuna cewa tsadar taki da iri da kuɗin ƙwadago ta sa ƙananan manoma da yawa suna ba da hayar filayensu ga masu hali, giɓin da ke tsakanin manoma ya ƙara faɗi. A can ƙasa kuma, fadamun Haɗejiya da Nguru sun rasa ambaliyar shekara-shekara da suka dogara da ita wajen noma da su da kiwo. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 na shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran magudanan Kadawa. Gyara ne da ake buƙata, sai dai inda ruwa ya riga ya isa aka gyara.

Labarin Riruwai a Doguwa ya fi wannan tsufa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano, kamar yadda tsofaffin littattafai ke kiran garin, suna narka kuza fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Kamfanonin Turawa suka zo suka haƙa, daga baya aka buɗe ramukan ƙarƙashin ƙasa domin kuza da tutiya, sai aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985.  Tsarin mulki ya danƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, don haka ko da haƙa ta dawo, ba a garin ake ba da lasisi ba, ba kuma a can ake karɓar haraji ba.

Wannan shi ne ƙaramin hoton abin da ke faruwa a duniya. Rahoton rashin daidaito na duniya na 2022 ya nuna kashi 10 cikin 100 na mutanen da suka fi wadata sun mallaki kashi 76 na dukiyar duniya, rabin bil'adama na ƙasa kuma kashi 2 kacal. A 2017 ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta dukiyar attajirai biyar mafi kuɗi a Najeriya a kan dala biliyan 29.9. Na farko a jerin ɗan Kano ne.

Abin da gwamnatoci suka gwada

Ba za a ce ba a yi komai ba. An yi NAPEP a 2001, an yi SURE-P a 2012. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa shirin tallafin jama'a mafi girma da ƙasar ta taɓa gani: N-Power, ciyar da 'yan firamare, ƙananan rance ga 'yan tireda, da naira 5,000 duk wata ga gidajen da suka shiga rijistar marasa ƙarfi. Daga 2018 an zuba dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da Switzerland ta dawo da su cikin wannan rabo. A Oktoban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da sabon zagaye, naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15.

Naira 5,000 ba abin rainawa ba ce a hannun matar da ba ta da jari, kuma akwai waɗanda suka haɗa adashe da ita suka sayi akuya. Amma adadin ya daɗe a tsaye yayin da naira ke zubewa. A canjin hukuma na 2017 ta kai kimanin dala 16. A 2024 ba ta kai dala huɗu ba. Naira 75,000 ta sabon shirin kuwa ta zo a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40, ta tashi a kwatankwacin kuɗin buhun shinkafa guda. Sannan a Janairun 2024 aka dakatar da Ministar Jinƙai Betta Edu bisa zargin umartar a tura naira miliyan 585 cikin asusun wani mutum, aka dakatar da shugabar hukumar shirin, Halima Shehu, aka kuma tsayar da shirye-shiryen kansu. Da aka dawo, sai aka gindaya sharaɗin lambar NIN ko BVN. Sharaɗin yana toshe ƙofar sunayen bogi, amma yana kuma tace mutanen da suka fi nisa da banki da ofishin rijista, waɗanda galibi su ne suka fi buƙata.

Babbar matsalar ba ƙanƙantar kuɗin ba ce kawai. Brazil ta rage giɓi da shirin Bolsa Família tun 2003 domin ta ɗaure biyan kuɗin da zuwan yara makaranta da rigakafi, a ƙasar da makarantun da ɗakunan shan maganin suke nan suna aiki. Idan ajin babu malami, ɗakin shan maganin a kulle, kuɗin zai saya wa gida hatsin 'yan makonni, amma ba zai taɓa akasarin ma'aunan nan 15 ba.

A matakin jiha, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta buɗe kashin farko na rugar makiyaya a dajin Ɗansoshiya na Kiru a 2020, ta kuma ba sojoji filin atisaye a Falgore bayan shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Jos. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma kason fannin ya kai kusan kashi 30 na kasafin jihar. Ayyana dokar ta-ɓaci shekara biyar bayan ayyana ilimi kyauta, ita kanta shaida ce a kan yadda na farkon ya kaya. Abin da zai nuna ko na biyun ya bambanta shi ne yawan malaman da za su karɓi aiki a ƙauyukan Doguwa su kuma zauna a can, maimakon su nemi hanyar komawa birni bayan zango ɗaya.

Sarauta, jiha da asusu

Da yake giɓin na wuri ne, 'yan siyasa sun yi ta ƙoƙarin magance shi da sauya taswira. A 2019 aka ƙirƙiro masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, hujjar da aka bayar kuwa ita ce kai ci gaba karkara. Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka faɗa ƙarƙashin Rano. A Mayun 2024 majalisar jiha ta soke dokar, suka koma ƙarƙashin Kano, daga baya aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu. Cikin shekara biyar an sauya wa hakimansu fadar da za su kai gaisuwa sau biyu. A Yulin 2024 kuma shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda hedikwatarta ke birnin Kano.

Abin da ya fi kusa da aljihun waɗannan ƙananan hukumomi shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye maimakon bi ta asusun haɗaka da gwamnoni ke juyawa. Firamare da ɗakin shan magani da rijiya da hanyar ƙauye, akasarinsu aikin ƙaramar hukuma ne, wato ainihin abubuwan da rahoton NBS ya auna. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar. Ko an aiwatar, shugaban da gwamna ya tsayar zai yi wuya ya ƙi bin umarninsa: a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ce ta lashe kujeru 44 duka, kamar yadda aka saba gani a kusan kowace jiha. Yankin kuma bai rasa manya a Abuja ba. Alhassan Ado Doguwa na mazaɓar Doguwa da Tudun Wada ya riƙe shugabancin masu rinjaye a Majalisar Wakilai daga 2019 zuwa 2023, Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji ya taɓa shugabantar kwamitin kasafin kuɗi na majalisar.

Saura tsohon burin nan na Jihar Tiga, wanda Sanata Kawu Sumaila ya sake gabatar da ƙudirinsa a 2024. Masu goyon baya suna nuni da Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, Dutse ta samu jami'a da filin jirgi da sakatariya. Masu shakka suna nuni da Jigawar dai, domin a rahoton na 2022 tana cikin jihohin da suka fi talauci a ƙasar. Sashe na 8 na tsarin mulki yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na wakilan yankin, da ƙuri'ar raba gardama, da goyon bayan akasarin jihohi, da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu. Jihohin ƙarshe da aka ƙirƙiro a Najeriya sojoji ne suka yi su a 1996, kuma tun dawowar mulkin farar hula a 1999 babu ƙudirin da ya tsallake waɗannan sharuɗɗa.